Zinariyar da Aka Binne a Birnin Landan

Jama'a, a arewa maso gabashin Landan akwai wata unguwa ana ce da ita Hackney, gidajen bulo a jere, yawancinsu da ɗan lambu a baya. Nan wani Bayahude da ya gudo daga Jamus ya zauna. Cikin 1940 hukuma ta tsare shi, ɗan'uwansa ya binne masa zinariyarsa cikin kwalabe biyu a lambu. Bam ya faɗo, ya kashe waɗanda suka san wurin. Da ya komo ya nema bai samu ba.

Sai 1952 leburori suka tono kwalba ɗaya, aka ba shi. Ta biyu, mai tsabar zinariya 80, ba ta fito ba sai 2007. Cikin 2011 shari'a ta ba ɗansa, uban ya riga ya rasu.

Yau Turawa suna bin gonaki da na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe. Dokarsu ta 1996 ta ce wanda ya tono taska ya sanar cikin kwana 14. Mu kuwa tsintuwa cigiyar shekara guda ce.

To, fatake, wanda ya yi ajiya ya rubuta, ya kafa shaidu, kada magada su rasa hakkinsu. Haza wasalam.