Wanda ya karɓi aiki da arha, sannan ya farga

 

Daren jiya bayan sallar Lisha wani matashi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Bai daɗe da barin hannun maigidansa a sana'ar ɗinki ba. Wata makaranta ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai, ya yanke kuɗi cikin ɗoki don kada aikin ya kuɓuce masa. Da ya kai rabi sai ya ga zare da maɓallai da kuɗin wuta sun cinye ladan. Ya ce: "Allah gafarta Malam, in ajiye aikin ne, ko in yi musu daidai kuɗinsu?" Na ce ya zauna, domin ramin da ya faɗa, ni ma na taɓa faɗawa.

A ƙarshen shekarar 1993, ina sabon fitowa daga madarasa a Damagaram, wani alhaji ya nemi in rubuta masa Dala'ilul Khairati da hannu, da wasali da adon jar tawada. Na ce jika shida, takarda kuma tawa. Ban ƙidaya shafi ba, ban shawarci kowa ba. Kunya da zumuɗi ne suka yanke mini farashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takarda kuwa daga waje take zuwa, kuɗinta ya tashi. Aikin da na ɗauka na mako uku ya shiga wata na uku.

Nan zuciya ta fara raɗa mini: matse rubutun, bar muƙabala da asalin littafin, wa zai sani? Na kai kukana wurin malamina, Allah Ya jiƙansa. Ya saurara, sannan ya ce: "Ɗana, kai ka yi kuskuren lissafi. Kada ka sa mai karatu ya biya shi da kuskuren salati."

Ya tuna mini abin da muka karanta a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid: ijara tana inganta ne idan an san aikin, an san ladan. A mazhabar Malikiyya, da zarar an ƙulla ta, ta zama wajibi a kan ɓangarorin biyu. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura, ba ta ware wanda ya zo da riba daga wanda ya zo da hasara ba. A Suratul Ƙasas, Annabi Musa (AS) ya yi yarjejeniyar aikin shekara takwas a Madyana, cikon goma kuma da ganin damarsa. A Sahihul Bukhari Ibn Abbas ya bayyana cewa mafi tsawon ya cika.

Saboda haka ƙofofi uku ne gaban wanda ya samu kansa a wannan hali. Ta farko, ya je wurin mai aikin ya buɗe masa lissafi, ya nemi ƙari, yana sane cewa roƙo yake yi, ba haƙƙinsa yake karɓa ba. Ta biyu, ya nemi su warware yarjejeniyar da yardar juna, abin da malamai suke kira iƙala, a biya shi gwargwadon abin da suka daidaita. Ta uku, idan an ƙi duka, ya kammala aikin kamar yadda aka sharɗanta. Rage inganci a ɓoye algusu ne, guduwa da kafin alƙalami cin amana ne. Ƙarancin lada ba ya halatta ko ɗaya.

Ni ƙofar farko na ƙwanƙwasa. Alhajin ya ƙara mini kuɗin takarda kawai, bai ƙara na wahala ba. Na ji zafi, amma na kammala, na yi muƙabala shafi bayan shafi. Tun daga ranar ban sake karɓar aiki ba sai na lissafa kwanaki da kayan aiki, na tambayi wanda ya riga ni a sana'ar, muka rubuta sharaɗi a gaban shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga zumunci.

Sauran magana gare ku iyaye, masu ba da aiki. Idan yaro ya faɗi farashin da kun san ba ya fitar da shi, kada ku yi shiru kuna murna. Ko da alƙali ya ba ku gaskiya, ku tuna akwai ihsani, kuma ɗanku ma wata rana sabon shiga ne a hannun wani. Idan ya dawo da lissafi na gaskiya, ku sassauta masa, ku biya shi da zarar ya gama.

Matashin nan ya ce yau da hantsi zai je wurin shugaban makarantar da takardar lissafinsa. Ku taya shi da addu'a.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a sana'ar ƴaƴanmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.