Daga Babura zuwa Kallon Hawan Daushe

Washegarin Ƙaramar Sallah ta 2023 muka yi sammako daga Babura, ni da ɗan ƙanwata wanda bai taɓa shiga birnin Kano ba. Muka bi ta Kanya Babba da Kunya, muka fito Kwanar Dumawa, muka miƙi titin da ya taho daga Daura. Kafin azahar mun isa Ƙofar Kudu, amma da ƙyar muka sami wurin tsayawa.

Da la'asar ta yi hakimai suka fara shigowa, kowanne da tawagarsa da kalar kayanta. Wani ɗan lifidi ya tsaya dab da mu, har ina ganin gumi yana bin wuyan dokinsa, kumfa na zuba daga linzami. Ga 'yan bindiga suna ta harbi, ga algaita da kakaki, sannan Sarki ya bayyana cikin laima bayan ya dawo daga Babban Ɗaki. Da aka fara jafi yaron ya ƙanƙame hannuna ya ce, "Kawu, kullum haka Kano take?"

Da wannan tambaya na kwana. Can sama a rumfar baƙi akwai jakadu da Turawa riƙe da kyamara, kuma da yawansu da an tashi sai filin jirgin Malam Aminu Kano. Hoton da za su kai gida shi ne doki da rawani da alkyabba. Shi ne kuma abin da ake bugawa a duk takardar tallan yawon buɗe ido, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Na yi murna da hakan ƙwarai. Sai dai hawa na 'yan kwanaki ne, sau biyu a shekara, kuma yana iya faɗuwa: annobar korona ta hana shi a 2020, rikicin masarauta ya sa aka dakatar da shi a Babbar Sallar 2024.

Saboda waccan tambaya muka ƙara kwana biyu a Kano. Na kai yaron Gidan Makama, muka hau Dala, muka ratsa Kasuwar Kurmi. A karofin Ƙofar Mata, wanda aka kafa tun 1498, muka tarar da wani dattijo yana tsoma ƙyalle cikin baba, hannunsa shuɗi har gwiwa, ramuka da yawa a gefensa babu mai aiki a kansu. Na ce, "Baba, baƙin Sallah sun leƙo ku kuwa?" Ya ce, "Kaɗan, Malam. Dawaki suka zo gani."

Badala ce ta fi taɓa min rai. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa shekara kusan ɗari tara da suka wuce, a wurare da dama ta zama tudun ƙasa, an yanki gefenta an yi gini.

Masu shirya wa baƙi zuwa kallon hawa, a Kano ko Kazaure ko Ringim, don Allah ku ƙara musu kwana ɗaya, ku kai su wurin marina da maƙera da dukawa.