Shan Magani Kaɗai Bai Isa Ba: Gwajin Jini da Sankarar Hanta

A aikina na harhaɗa magunguna a asibiti, a nan yankin Sabon Gari da Fagge, babu mutanen da nake yawan gani kamar masu karɓar Tenofovir, maganin ciwon hanta nau'in B. Da yawansu ba sa fashin sha, amma in ka tambaye su rabonsu da gwajin jini sai su ce jiki ya yi daɗi. Wannan amsa tana tayar mini da hankali.

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da wannan cuta. Magani yana danne ƙwayar cutar, yana kuma rage haɗarin sankarar hanta ƙwarai, amma ba ya kawar da shi. Ita sankarar ba ta sallama. Kafin ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, jiki ya rame, sau da yawa ta riga ta wuce inda tiyata za ta yi amfani. A Afirka kuwa tana kama mutane da sauran ƙuruciyarsu, musamman inda ake cin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubar da ke cikinsu tana haɗa kai da ciwon hanta wajen ɓarna.

Gwajin da aka fi sani shi ne AFP, wani sinadari da hantar ɗan tayi ke samarwa, wanda yake raguwa bayan haihuwa. Idan ya sake hauhawa a jinin babba, likita zai sa ido. Sakamakon da ya haura 20 yana buƙatar bincike, wanda ya kai 400 kuwa babbar alama ce. Sai dai ka sani, juna biyu da tashin ciwon hantar kansa suna ɗaga shi ba tare da sankara ba, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu sankarar AFP ɗinsu ba ya tashi. Shi ya sa ake haɗa shi da hoton ciki duk wata shida.

Akwai wani gwajin mai suna PIVKA-II. A nan aikina ya shigo: maganin tsinka jini na Warfarin da ƙarancin bitamin K suna ɗaga shi, ko da hanta lafiya lau take. Saboda haka ka lissafa wa likita duk abin da kake sha, har jiƙo da garin magani. Haka nan gwajin ALT kumburin hanta yake nunawa. Fitowarsa daidai ba shaida ba ce cewa babu sankara.

Masana na ci gaba da neman alamomin da suka fi waɗannan, ta hanyar auna ƙananan sinadaran da jiki ke sarrafawa. A 2010 an wallafa wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin likitocin Jos da na Landan kan irin waɗannan sinadarai a fitsarin marasa lafiya. Aikin yana da alfanu, amma bai zama gwajin yau da kullum ba tukuna. Wanda ya ce maka yana da na'urar da za ta gano sankara da taɓa tafin hannu, riƙe kuɗinka.

Shawarata ita ce ka tambayi likitanka, ko a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, shin kana cikin waɗanda ya kamata a riƙa dubawa duk wata shida, musamman in hantarka ta fara ƙanƙancewa ko wani a danginku ya taɓa yin sankarar hanta. Ka adana takardun sakamako wuri guda bisa jerin kwanan wata, domin lambar da ke hawa sannu a hankali ta fi sakamako ɗaya tal bayani. Ka kai iyalinka gwaji, a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.