Daga Illela Zuwa Sakkwato: Birni Da Ƙauyukan Da Ke Ciyad Da Shi

Mutane da yawa a wajenmu, nan Lafani ta ƙasar Illela, ba su zuwa Sakkwato sai in asibiti ko sayayya ta kai su. Su shiga da hantsi, su fito da la'asar, ba su ga kome ba sai tasha da kasuwa. Shawarata ga iyaye ita ce, in an yi hutun makaranta, su kai 'ya'yansu kallon birnin nan. Amma a fara kallon tun daga hanya, gama wanda bai dubi ƙauyuka ba, ba zai gane birnin ba.

Daga Illela zuwa Sakkwato wajen kilomita 85 ne, hanya kuwa ta bi ta Gwadabawa da Kware. A ƙasar Gwadabawa ne Ɗegel take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Da damina gero ne hagu da dama. Da rani tudu yakan bushe sarai, amma fadama tana nan kore shar da albasa da tafarnuwa da tumatir. In kun iso Kware, ku nuna wa yara tafkin da masu noman rani a bakinsa. Motocin da suke gaba da ku, cike da buhuna da awaki, abincin birni suke ɗauke da shi.

Da kun haye gadar gulbi, kun shiga Sakkwato ke nan. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, shi ne ya kafa birnin a 1809. Turawan Ingila suka ci shi da yaƙi a 1903. A 1967 ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Yamma, a 1975 kuma aka kafa jami'ar da yanzu ake kira da sunan Shehu. Ku fara da tsohon gari, inda fadar Sarkin Musulmi take, da Hubbare, watau inda aka binne Shehu da ya rasu a 1817. Mu baƙi ne a wurin, sai mu shiga da ladabi, mu nemi izini kafin mu ɗauki hoto. A Shiyar Madunka za ku iske masu ɗinkin fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka riƙa kai wa Turai ta hanyar Sahara, har Turawa suka sa mata sunan Maroko.

Sa'an nan ku fita sabon gari. Ga gadojin sama, ga benaye, ga kantunan wayar hannu, ga babura kamar fara. Inda iyayenmu suka san gonaki, yanzu unguwanni ne. Wanda ke so ya ga tushen wannan gine-gine, sai ya nufi Kalambaina, yamma da gari. Can ne aka fara yin siminti a 1967, domin akwai dutsen farar ƙasa a wurin. A 2018 da 2022 kamfanin BUA ya buɗe sababbin ma'aikatu, waɗanda injiniyoyin ƙasar Sin suka gina. A 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela har Badagiri ta bakin teku, fiye da kilomita 1,000.

To, ya mai karatu, ga abin lura. Ruwan da birni ke sha, da wanda manoman Wurno ke noman shinkafa da shi, gulbin Rima ne ke kawo shi daga madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984. A 2010 ruwan nan ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje, ya karya gadar da ke zuwa jami'a. Nan mutanen birni suka ga cewa abin da ya sami ƙauye, ya same su. Haka kuma 'yan bindiga sun kori manoma da dama daga ƙasashen Isa da Sabon Birni da Goronyo. Waɗansu matan da yaran da za ku gani a bakin titi suna neman taimako, da gonakinsu da rumbunansu a dā. Ku bayyana wa yara wannan, don kada su raina su. Gonar da aka gudu aka bari kuwa, a kasuwar birni ake jin zafinta, gama kwanon hatsi ne ke tashi.

Saboda haka ku tambayi lafiyar hanya kafin ku kama tafiya. Ku tashi da sassafe, ku riƙe ruwan sha, ku komo gida tun rana ba ta faɗi ba. In kun huta, ku sa kowane yaro ya rubuta abu biyar da ya gani ana sayarwa a birni, ya kuma faɗi daga wane ƙauye suka fito.