Wutar Babur: Darussan da Na Koya Tsakanin Arlit da Gougaram

Mai babur a ƙasar Ayar ya fi tsoron mutuwar wuta a kan ƙarewar mai. Idan mai ya ƙare, wani matafiyi zai iya tsiyaya maka lita guda. Idan wuta ta mutu a tsakiyar kori, da dare, ga duwatsu ta kowane gefe, sai dai ka jira gari ya waye. Na yi shekaru ina bin hanyar Arlit zuwa Gougaram a kan tsohon babur irin samfurin Honda CG125, wanda kamfanin ya fitar a tsakiyar shekarun 1970 domin ƙasashe masu wuyar hanya irin tamu. Abin da na sani game da wutarsa na koye shi ne a garejin wani dattijo a Arlit, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin lantarki a mahaƙar uraniyom kafin ya koma gyaran babura. Koyarwarsa a dunƙule ita ce: abin da ya ƙone a jikin babur sau da yawa ba shi ne mai laifi ba, wani abu ne ya kashe shi, kuma sai an auna ake gane ko wane ne.

Darasi na farko shi ne sanin inda wutar take fitowa. Batir ma'aji ne kawai. Idan ka buɗe murfin injin na hagu, za ka ga wani faifan ƙarfe mai nauyi, maganeto, an manna mayen ƙarfe a cikinsa. A tsakiyarsa akwai koyil, wato wayar jan ƙarfe da aka naɗe a kan haƙoran ƙarfe. Inji na juyawa, mayen ƙarfen na wucewa ta gaban koyil, wuta na haihuwa. Sai dai wannan wuta mai kai-komo ce, tana zuwa tana komawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, alhali batir ba ya karɓa sai mai tafiya ta fuska ɗaya. Ga kuma matsala ta biyu: ƙarfin mayen ƙarfe ba ya raguwa, don haka gwargwadon yadda ka murɗa totur, gwargwadon yadda wutar ke hauhawa. Wadda ba ta isa kunna fitila sosai a silo, tana iya haura bolt 50 idan an ba inji wuta ba tare da an haɗa mata komai ba.

Waɗannan matsaloli biyu su ne aikin ƙaramin akwatin nan mai haƙarƙari da ake ɗaurewa ƙarƙashin tanki ko gefen batir, wanda masu gyara a Arlit ke kira regilater, na Kano da Katsina kuma rektifaya. A cikinsa akwai diyod, ƙananan ƙofofi da ke barin wuta ta shige gaba amma su hana ta dawowa. Ƙananan tsofaffin babura diyod ɗaya suke da shi, wasu huɗu, manya masu wayoyi uku daga koyil kuma shida. Bayan an miƙar da wutar, sai ɓangare na biyu ya tsare ta kada ta wuce kimanin bolt 14 da rabi. Dattijon nan ya kwatanta mini shi da mai lambu a bakin kori: ruwa na zuwa daga rijiya ba tsayawa, idan fangali ya cika sai ya toshe bakinsa ya buɗe wa rarar wata hanya, in ba haka ba shuka ta ruɓe. Rarar wuta ita ma sai an karkatar da ita, kuma wannan aiki zafi yake haifarwa, a jikin akwatin da a koyil. Haƙarƙarin nan an yi su ne don iska ta kwashe zafin.

Daga nan darasi na biyu ya fito, kuma shi ya fi shafar mu mutanen arewa. A watannin bazara zafin Arlit yana haura digiri 40. Idan ka shiga yashin kori, kana giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na kuka da ƙarfi amma babur na tafiyar hawainiya. Wato koyil na ba da iyakar wutarsa a daidai lokacin da iska ba ta bugun akwatin. Ƙara da buhun gero ko jarkar ruwa da muke ɗaurawa su toshe gefen babur, da ƙurar da ke cike tsakanin haƙarƙarin har ta zama kamar yaɓe. Na ga akwatin da aka ciro bayan irin wannan tafiya: baƙar robar da aka cika bayansa da ita ta kumbura ta tsage, tana warin ƙuna. Tun daga lokacin na mayar da nawa gaba, inda iska ke samunsa, na ɗaure shi kam a kan ƙarfe tsirara, kuma nakan goge shi da tsohon buroshi duk lokacin da na canza baƙin mai.

Darasi na uku ya shafi batir. A zafinmu ruwansa yana ƙafewa da sauri, faranta su fito fili su lalace. Mutum ya ga babur na tashi da kik, sai ya ce batir ba dole ba ne, ya bar mataccen a ciki ko ya cire shi gaba ɗaya. Amma batir shi ke shanye tsalle-tsallen wuta. Idan babu shi, nauyin duka ya koma kan regilater da ƙwayayen fitila. A tsofaffin babura masu bolt 6 ma, da yawansu ba su da mai daidaita wuta ko kaɗan. An auna koyil ne daidai da abin da fitilu da batir za su sha. Shi ya sa idan ƙwan baya ya mutu ba a canza ba, sai na gaba ya bi shi, domin rabon ɗan'uwansa ya dawo kansa. Ruwan batir kuma tataccen ruwa ake ƙarawa. Ruwan rijiya yana da gishiri-gishiri da ke cinye faranta, asid kuwa ba ya ƙafewa, don haka ba a ƙara shi.

Akwai ranar da wani ɗan kabu-kabu ya shigo garejin riƙe da sabon regilater a kwalinsa, ya ce wannan ne na uku da ya saya, duk jabu ake sayar masa. Dattijon bai karɓi kwalin ba. Ya tsuguna, ya zare soket ɗin wayoyin ruwan ɗorawa masu fitowa daga koyil, ya nuna masa: robar ta narke, ƙarafan ciki sun yi kore. Ya bi baƙar wayar mas, wadda wuta ke komawa ta cikinta, har inda aka ɗaure ta da jikin babur, ya taɓa ta da yatsa, sai ga ta tana lilo.

"Baba, to ba akwatin ba ne?" in ji yaron.

"Ɗana, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga masu laifin nan. Kawo samfefa."

Girgizar hanyar burji tana kwance noti, ƙura da tsatsa su shiga tsakani, wuta ta rasa hanyar komawa, akwatin ya riƙa karanta awon da ba daidai ba har ya ƙone. Wannan shi ne darasi na huɗu, kuma ya fi kowanne sauƙin kuɗi: a kankare mahaɗa, a matse ta, a shafa ɗan giris.

Na biyar shi ne awo da mita. Batir mai bolt 12, idan lafiyarsa ƙalau kuma inji a kashe, zai nuna wajen 12.6. Ta da inji ka ɗan murɗa totur: ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya haura 15, regilater ya saki, zai tafasa ruwan batir ya kashe fitilu. Idan bai motsa ba, kada ka yi saurin zuwa kasuwa. Zare soket ɗin koyil, mayar da mita kan awon wuta mai kai-komo, ka ga ko tana hawa tare da totur. A babur mai wayoyi uku, kowace biyu da ka haɗa dole su ba da awo ɗaya, kuma kada ko ɗaya ta nuna tana taɓa jikin inji. Abin da wasu ke yi na cire kan batir inji na aiki don su ga ko zai mutu, hanya ce ta kashe lafiyayyen regilater.

Ya kamata kuma kowa ya san irin babur ɗinsa kafin ya nufi daji, don ba a fafe gora ranar tafiya. Yamaha XT500, wanda Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko da shi a 1979, tseren da ya ratsa ta Agadas, wutar fuloginsa daga maganeto take zuwa kai tsaye, ko batir ya mutu yana tafiya. Yawancin tsofaffin ƙananan babura haka suke. Amma akwai sababbi da wutar fuloginsu ta dogara da batir, waɗanda idan caji ya tsaya, tafiyarka ta rage gwargwadon abin da ke cikin ma'ajin. Injiniyoyin Ingila ma sun sha wannan gwagwarmaya: a shekarun 1960 baburan Triumph da BSA sun koma amfani da diyod na Zener don ƙona rarar wuta, har aka riƙa ɗaure shi a kan faranti mai haƙarƙari ƙarƙashin fitilar gaba don ya sha iska. In a ƙasar sanyi sai da aka nema masa iska, ina ga tamu?

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da muhimmanci shi ne nauyin da babur ke ɗauka a yau. Wutar kamfanin Sonichar da ake samarwa da gawayin Anu Araren tana kaiwa Arlit da Akokan, amma a zangon makiyayi da bukkar mai lambu, faifan sola da batirin babur su ne lantarki. Da babur ake cajin waya, a kansa ake ƙara fitilu, shi ke kai mara lafiya asibiti. Tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014, kuma aka rufe mahaƙar uraniyom ta Cominak a ƙarshen Maris 2021, matasa da yawa sun koma neman abinci a kan ƙafa biyun nan. Koyil kuwa yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Duk abin da ka ƙara masa, ka tabbata awon batir bai faɗo ƙasa da 13 ba idan komai na kunne.

Kirana ga masu gareji shi ne su sa mita a hannun kowane yaron da ke koyon aiki tun kafin su ba shi sifana, su nuna masa lambobin nan har ya haddace. Kuɗin mita bai kai na batir ɗaya ba. Yaron da ya iya awo zai tsare wa talaka kuɗinsa, kuma zai sallami matafiyi da babur ɗin da zai kai shi Gougaram ko Iferwan ya dawo da fitilarsa a kunne.