Wasan feda

Tsohon kamiyo ba shi da fitilar da za ta kunna ta ce maka ambirayaji, wato kuloci, ya samu matsala. Ƙafar hagu ke kawo labari. In ka taka feda, akwai ɗan wurin da take tafiya sakayau kafin ka ji nauyi, santimita 2 zuwa 3, faɗin yatsu biyu. Shi makanikai ke kira wasa.

Bakansi uku na yi ina karen mota wurin kawuna, muna ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Yamai, kuma kowace safiya da hannu yake danna fedar kafin ya tada inji. A mota irin tasa, mai sandunan ƙarfe, wasa yakan ragu kaɗan-kaɗan cikin watanni saboda faifan yana cinyewa. Wannan tsufa ne, sai a juya noti a ci gaba. Amma faifai ba ya cinyewa dare ɗaya. In jiya yatsu biyu ne, yau feda ta kusa kai ƙasa kafin ta kama, to wani abu ya kwance, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage: noti, ƙusar da ke haɗa sanduna, ko ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura boris. In motar mai aiki da mai ce, duba gwangwanin man, wataƙila ya tsiyaye iska ta shiga. Za ka ji giya tana gurnani, ta ƙi shiga.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wasa ya ɓace gaba ɗaya, don mota tana tafiya lafiya lau, alhali boris yana guga ba hutu, faifai yana sulɓi yana ƙonewa. Haka ta same mu dab da Dogon Dutsi. Wani yaron garaji ya zo da sifana zai juya noti.

“Dakata, yaro,” in ji Kawu. “Mi ya motsa shi? Shi za mu nema.”

Ya sa ni ƙarƙashin mota da tocila. Robar da inji ke zaune a kanta ce ta yage, injin ya gusa ya ja sandar. Da an juya notin nan, da ramin farko ya sake ɓata shi, ga albasa ba ta jiran kowa cikin zafi. Sai bayan la'asar aka samo roba.