Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Mu malamai, da mun ambaci naitirojin a aji, sai yaranmu na Birnin Kebbi da Argungu su tuna takin shinkafa a fadamar Rima. Gaskiyarsu ne. To, amma kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Can sama, wajen kilomita 150, hasken rana kan zuga shi har ya fitar da nasa haske, altirabayolet. Oksijin kan shanye wannan haske kafin ya iso ƙasa, ikon Ubangiji ke nan! A 2018 hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar GOLD domin dubansa. Da shi ake auna zafin sararin da saƙon GPS ke ratsawa zuwa wayoyinmu.